Wayar Arahar da Ake Raɗe-raɗin Fitowarta: A Nawa Za Ta Iso Ikeja, Me Kuma Ke Cikinta?

Shin da gaske ne wata sabuwar waya na nan tafe, mai kyamara irin ta manyan wayoyi, mai batirin da zai kwana biyu bai nemi caja ba, a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba? In ma da gasken ne, a nawa za ta shiga hannun mai saye a Agege, ko Idi-Araba, ko Alaba Rago? Wannan tambaya ta daɗe tana yawo a zaurukan WhatsApp na mutanenmu mazauna Legas. Duk bayan 'yan watanni sai ta sake tasowa. A turo hoto mai sheƙi, a jera lambobi a ƙasa, RAM kaza, megafiksel kaza, 5G, a rufe da farashi a dala, wani kuma ya buga lissafi ya mayar da shi naira ya ce ai wannan kyauta ce. Sunan wayar kawai ke sauyawa. Yau ta Apple ce, gobe ta Samsung, jibi ta wani kamfanin da ko rigar waya bai taɓa ƙerawa ba.

Abin bai tsaya a hira ba. Akwai wanda ya haɗa kuɗin waya ya fasa saye yana jira, akwai wanda ya tura kafin alƙalami ga mutumin da bai taɓa gani ba, ga kuma mai shagon da ake yi wa kallon azzalumi don farashinsa bai zo daidai da na hoton ba. Ga mai sayar da tumatir a Mile 12 ko mai kai saƙo a babur, waya kayan aiki ce. Da ita ake karɓar tiransifa, a ga alat, a yi ciniki da mai lodi a Arewa, a ji lafiyar iyali. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 abin ya ƙara ƙarfi, har mai shayi sai da ya liƙa lambar asusu a jikin tebur.

Abin da na fahimta shi ne, raɗe-raɗin siffar waya kan zo da gaskiya a cikinsa, amma na farashi shi ne mafi rauni, kuma ko ya tabbata, ba shi ne farashin Legas ba.

Daga ina labarin ke ɓullowa?

Ba dukansa ne ƙarya ba. Kafin waya ta fito kasuwa tana ratsa hannaye da yawa. Dole a kai ta hukumomin tantance na'urori, irin FCC a Amurka, TENAA a ƙasar Sin, BIS a Indiya, kuma a nan wasu bayanai kan fito fili: lambar samfuri, girman batir, wani lokaci har da hoto. Masu gwaji kan auna ƙarfinta da manhaja irin Geekbench, sakamakon ya bayyana a intanet da sunan furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da aikin wayar, da yawan RAM, wato wurin da take riƙe abin da take aiki da shi a lokacin. Masu yin rigar waya kan samu awon jikinta da wuri don su shirya kayansu. Sai masu bin diddigin masana'antu irin su Mark Gurman na Bloomberg da Ming-Chi Kuo, waɗanda suka yi suna wajen faɗin abin da Apple ke shiryawa tun kafin ta buɗe baki.

Duk waɗannan hanyoyi jikin wayar suke nunawa. Farashi kuwa ba ya cikin takardar hukuma, ba ya cikin awo. Shawara ce ta manyan kamfani, ana iya sauya ta har daf da ranar sanarwa, gwargwadon tsadar kayan haɗi, da yanayin canji, da abin da abokan gasa suka fitar. Wanda ya ce maka ya san farashi wata uku kafin fitowa, kintace yake yi, ko da shi gwani ne.

Rukuni na biyu shi ya fi cika mana wayoyi: masu neman 'yan kallo. Su zana waya da kwamfuta, ko su sa ƙirƙirarriyar basira ta zana musu, su ɗora murya mai zumuɗi, su manna farashin da zai sa a danna. Kuɗinsu a yawan kallo yake. Bidiyon ya taso daga YouTube ya sauka TikTok, wani ya ɗora masa bayani da Hausa, kafin ya faɗo zauren 'yan kasuwa an riga an yanke wurin da aka rubuta cewa zane ne kawai.

Yadda ta kaya da waɗanda suka gabata

A 2013 an shafe watanni ana cewa Apple za ta fitar da iPhone ta talaka mai jikin roba. Ta fito ɗin, ita ce iPhone 5c, jikin roba kamar yadda aka faɗa, amma a kan dala 549 ga wanda zai saya ba tare da yarjejeniyar kamfanin layi ba. Ragin dala 100 kacal ke nan daga 5s da aka fitar tare da ita.

A 2025 aka maimaita. iPhone SE ta 2016 da ta 2020 sun fito a dala 399, ta 2022 a dala 429, don haka da aka fara maganar ta huɗu, yawancin masu hasashe ba su wuce dala 500 ba. Abubuwan da suka ce za ta zo da su kusan duk sun zo: sikirin inci 6.1, buɗewa da fuska, kyamara guda mai megafiksel 48, furosesa A18, ramin caja irin USB-C. A Fabrairun 2025 aka sanar da ita da sunan iPhone 16e, farashi dala 599. Dala tana wajen naira 1,500 a lokacin, wato kusan naira 900,000 a canji zalla, kafin kuɗin jirgi, kafin kwastan, kafin ribar kowa. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Legas ta sanar a 2024 naira 85,000 ne. Albashin fiye da wata goma ke nan, ba a ci ba ba a sha ba. A wajen Apple mai sauƙi ce, domin da wayoyinta na dala dubu take auna ta. Ba da aljihun mai gadi a Lekki aka yi awon ba.

Waɗannan ma aƙalla sun fito. A 2016 wani kamfani a Indiya mai suna Ringing Bells ya yi shelar waya mai suna Freedom 251 a kan rufi 251, abin da bai wuce dala huɗu ba. Miliyoyin mutane suka yi rajista, kaɗan ne suka ga wayar da idonsu, daga baya aka kama shugaban kamfanin bisa zargin damfara. Ita kuma wayar Tesla da ake kira Model Pi, mai caji da hasken rana, mai intanet kyauta daga tauraron ɗan'adam, shekaru ke nan tana yawo, alhali Tesla ba ta taɓa sanar da ita ba, Elon Musk ma ya faɗa a bainar jama'a cewa ba su yin waya. Har gobe za ka samu mai rantse maka cewa wata mai zuwa za ta shigo.

Tafiyar farashi daga masana'anta zuwa kanta

A ɗauka farashin da aka yaɗa ya tabbata. Na wace ƙasa ne? Wanda ake sanarwa a Amurka bai haɗa da harajin sayayya ba, a wajen biya ake ɗora shi. Na Indiya sau da yawa an riga an cire ragin da bankuna ke yi wa masu katinsu a kwanakin farko. Na Sin kuma na kasuwar cikin gida ne, inda masana'antar take kusa, gasa kuma ta yi zafi. Ɗaukar ɗaya daga cikinsu a ninka da farashin dala na yau, shi ne kuskuren da aka fi yi.

Babban mai yanke hukunci a nan dala ce, domin kusan duk wayar da ke Computer Village, babbar kasuwar waya ta Ikeja, da ita aka sayo ta. Kafin Yunin 2023, lokacin da Babban Banki ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dala tana wajen naira 460 a hukumance, wajen 750 a hannun 'yan canji. Zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Wayar dala 100 da ake lissafa wa naira 75,000 a canjin bayan fage ta koma 150,000, kamfanin da ya ƙera ta bai ƙara ko sisi ba. Mutane da yawa har yanzu da tsohon farashi suke auna araha, shi ya sa duk abin da aka faɗa musu a shago sai su ji kamar an zage su.

Daga nan sai hawa-hawa. Kuɗin jigila. Kuɗin fito na kwastan, wanda shi ma da farashin dala ake lissafa shi, saboda haka faɗuwar naira sau biyu take dukan waya. Harajin VAT, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari a Fabrairun 2020. Ejan ɗin da ya fito da kaya, babban dila, ɗan sari, sai mai shago da ke biyan hayar Ikeja, yana zuba mai a janareta, yana sallamar yaran shago. In kuma ka bari ɗaya daga cikin 'yan kamashon da ke tarbar mutane tun daga ƙarƙashin gadar Ikeja ya ja hannunka zuwa shago, to nasa ma a jikinka zai fita, ko da ba ka ga lokacin da aka miƙa masa ba.

Hanyar shigowa ma iri biyu ce. Kamfanonin da suka kafu a Najeriya, irin Transsion mai Tecno da Infinix da itel, ko Samsung, ko Xiaomi mai Redmi, su kan yanka farashinsu a naira su sanar, su ba da garanti, kuma sun san aljihun da suke nema. Wayar da ba a ƙaddamar da ita a nan ba kuwa, 'yan kasuwa ne ke ɗauko ta daga Dubai ko Hong Kong, kowa da nasa farashi. A makonnin farko, kaya kaɗan masu nema da yawa, sai a sayar da ita da zafinta. Wanda ya fi kowa ɗoki shi ya fi kowa biya.

Akwai wani abu da ke ɓata wa masu saye rai, kuma da hujjarsu. Dala ta tashi da safe, kafin la'asar an sauya farashi. Dala ta sauka, sai a ce tsohon kaya ne, da tsada aka sayo. Rabin maganar gaskiya ce: ɗan kasuwa da kuɗin da zai sake saro kaya yake lissafi, in ya sayar a tsohon farashi jarinsa ya zaizaye. Ɗaya rabin kuwa son riba ne, ba sai an yi masa kwaskwarima ba.

Wani sabon nauyi ya ƙaru daga ƙarshen 2025. Manyan cibiyoyin kwamfuta na ƙirƙirarriyar basira sun yi ta wawure ƙwayoyin memori, waɗanda kamfanoni uku, Samsung da SK Hynix da Micron, suka mamaye ƙera su, farashinsu ya tashi. Ƙaramar waya ta fi jin jiki a nan, domin ribar da ke kanta siririya ce, memori kuma babban kaso ne na kuɗin haɗa ta. Kamfani ko dai ya ƙara kuɗi, ko ya rage RAM ya bar farashi yadda yake. Duk raɗe-raɗin da ya ce RAM ya ninka, farashi kuma ya sauka, a tsaya a sake dubawa.

Lambobin da ke jikin kwali

Tsaya rabin awa a gaban shagon waya a Agege, za ka ji irin wannan. Saurayi ya juya kwali, ya kunna wayar, ya ɗago kai.

"Alhaji, ka ce takwas ce."

"Takwas ce, ɗana, ga shi nan a rubuce."

"To a ciki huɗu na gani."

"Huɗu da huɗu nawa ke nan?"

Alhaji bai yi ƙarya ba, amma huɗun biyu ba ɗaya ba ne. RAM kamar teburin mai shayi ne, inda yake jera kofuna da madara da burodin da yake aiki da su yanzu, ma'adana kuma akwatin da ke ƙarƙashin teburin. Abin da kamfanoni ke yi shi ne su ari wani yanki na akwatin su ce shi ma tebur ne. Tecno da Infinix da Samsung duk suna da wannan dabara, kowa da sunan da ya sa mata. Tana ɗan taimakawa wajen hana manhaja rufewa, amma ba ta da saurin RAM na ainihi ko kusa. In aka rubuta 4+4, wayar mai huɗu ce. Ga wanda zai buɗe manhajar banki da WhatsApp da taswira a lokaci guda, huɗu na ainihi shi ne ƙaramin abin da zai iya zama da shi, shida ko takwas ya fi kwanciyar hankali.

Kyamara ita ce aka fi ruɗar mutane da ita. Mai megafiksel 50 yawanci tana haɗe ɗigo huɗu su zama ɗaya, hoton da za ta ba ka ya fito a 12.5. Mai 108 tana haɗe tara, ya fito a 12. Wannan ba zamba ba ce, haka fasahar take, amma tana nuna cewa lambar ba ita ce kyan hoto ba. Girman idon da ke karɓar haske da ƙwarewar manhajar da ke sarrafa hoton su ne magana. Zagaye uku ko huɗu da ke bayan ƙaramar waya kuma, sau da yawa ɗaya ne ke aiki, na biyu mai megafiksel 2 ne, sauran ado. Da rana tsaka kowace waya gwana ce. A gwada ta da magariba, ko cikin shago da aka ɗauke wuta.

Batir mai 5,000mAh, wato awon yawan cajin da yake ɗauka, ya zama gama-gari, ba abin alfahari ba ne kuma. Abin tambaya shi ne saurin caji. Cajar wat 10 kan ɗauki kusan awa uku kafin ta cika irin wannan batir, mai wat 33 kuwa awa ɗaya da 'yan mintoci. Ga wanda ke kwana a ɗakin da wuta ke leƙowa ta koma, ko wanda ke biyan mai caji a bakin kasuwa, wannan bambanci ya fi masa duk megafiksel ɗin duniya. A kuma duba ko akwai kan caja a kwalin. Apple ta daina sakawa tun 2020, Samsung ma ta bi sahu a samfura da yawa, saboda haka a ƙara kuɗinsa a lissafi.

Furosesa ita ce ba a cika ambata ba a talla, kuma a nan aka fi rage kuɗi. Helio G85 na MediaTek tun 2020 ya fito, har yanzu ana saka shi ko danginsa da aka sauya wa lamba a wayoyin da ake kira sababbi. Mafi arahar kuma galibi furosesar kamfanin Unisoc ce a ciki. Sikirin mai 120Hz, wato mai saurin sauya hoto, a kan furosesa mai rauni ba zai hana waya maƙalewa ba. Haka ma'adana: akwai eMMC mai nauyin jiki, akwai UFS mai sauri, dukansu za a rubuta 128GB a kwali, amma bayan wata shida, WhatsApp ya cika da saƙon murya da wa'azi da bidiyon biki, sai bambancin ya fito.

5G kuwa, MTN ta fara a 2022, Airtel ta biyo a 2023, kuma ko a Legas ba ko'ina yake kamawa ba, balle in an je ganin gida a ƙauye. A farashi ɗaya, mai 5G ta kan rage wani abu, ko sikirin ko kyamara ko ma'adana, don ta biya kuɗin 5G ɗin. Ga kuma data, wadda NCC, hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, ta amince a ƙara kuɗinta har zuwa kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Ni a ganina, mai ƙaramin jari ya fi cin riba da 4G mai lafiya.

Abin da hoton ba ya nunawa

Suna ɗaya, waya daban. Samfurin da aka yi don kasuwar Sin yawanci ba ya zuwa da Play Store, Huawei kuma tun 2019 sababbin wayoyinta ba su da manhajojin Google saboda takunkumin Amurka. iPhone ɗin da aka yi don Amurka, daga 14 zuwa sama, ba ta da ramin sim kwata-kwata, sai eSIM, wato sim ɗin da ake ɗorawa a cikin wayar ba tare da kati ba, kuma wasu a kulle suke da layin can. Mutuminmu da ke yawo da layi biyu, ɗaya na kasuwa ɗaya na gida, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai tsawon rai. Ƙananan wayoyi da yawa sabuntawar Android ɗaya suke samu, wasu ko ɗayar babu, daga nan a yi watsi da su. Shekaru kaɗan manhajar banki ta fara ƙin hawa. Samsung ta ɗaga wannan ma'auni a ƙarshen 2024 da ta yi wa Galaxy A16 alkawarin sabuntawa na shekara shida, kuma tambaya ce da ya kamata a riƙa yi wa kowane kamfani.

Gyara ma lissafi ne. Ranar da sikirin ya fashe a cunkoson motar Oshodi, Tecno ko itel kowane mai gyara yana da kayanta, ga kuma Carlcare, cibiyar gyara ta kamfaninsu. Baƙuwar wayar da aka shigo da guda ɗari, sai a ce ka jira a yi oda. Sikirin ɗin AMOLED yana da kyan gani, amma sauya shi kan ci kaso mai tsoka na kuɗin wayar. Ranar musaya da ciko kuma, wayar da kasuwa ba ta sani ba a wulaƙance ake taya ta.

A jira ko a saya?

Masu cewa a jira suna da hujja mai kyau, sai dai ba wadda suke zato ba. Fitowar sabuwa kan sa ta bara ta sauka, domin diloli na son su kwashe tsohon kaya. Sau da yawa ribar jira ba a sabuwar take ba, a wadda ta gada take, kuma bambancin da ke tsakaninsu bai wuce sauyin launi da tsarin kyamara ba.

Masu cewa a saya yanzu suna duba naira. Kuɗin da aka ajiye don waya ba ya zama wuri ɗaya: ko dala ta motsa, ko a bugo daga gida ana neman na taki ko na asibiti. Wanda wayarsa ta mutu, yana aron ta maƙwabci don ganin alat, kowace rana ta jira asara ce gare shi. A nan nake: in wayar hannunka tana aiki, kuma kamfanin da kansa ya sa ranar ƙaddamarwa, jiran 'yan makonni ba laifi. In kuwa labarin daga bidiyo kawai yake, babu rana babu sanarwa, to ba abin da ake jira.

Akwai ɓangare na uku, masu cewa tsohuwar babbar waya ta hannu, irin wadda ake kira 'yar Landan, ta fi sabuwar ƙarama. Ta fuskar kyamara da ƙarfi, galibi haka ne. Amma batirinta ya sha aiki, babu garanti, sabuntawarta ta kusa ƙarewa, kuma ba kowace aka ce daga waje take ba ce daga wajen. Wata a nan Ikeja aka sauya mata sikirin da baya aka goge ta.

Kafin alƙalami da biya kaɗan-kaɗan

Raɗe-raɗi kasuwa ce ga 'yan damfara. Da zarar suna ya yi tashe, sai shafuka su ɓullo suna karɓar kuɗin riƙe wuri, wai saura guda ashirin. Wayar da kamfaninta bai sanar ba, babu dilan da ke da ita, balle mai shafin da lambar asusunsa ta mutum ɗaya ce. Bayansu sai masu jabu, waɗanda kan riga ta gaskiyar isowa kasuwa: jiki iri ɗaya da na hoto, an kuma gyara cikin saitin ya riƙa nuna 256GB alhali ko rubu'insa babu.

In wayar ta fito da tsada fiye da yadda aka zata, sai a karkata ga tsarin biya kaɗan-kaɗan. A yi lissafin jimla tukuna. Misali, wayar naira 150,000, a ba da 45,000, a riƙa biyan 24,000 duk wata har wata shida: an biya 189,000 ke nan, ƙarin 39,000 a kan bashin 105,000. Yawancin irin wannan tsari kuma yana da manhajar da ke kulle wayar in an makara, wato ranar da ciniki ya yi ƙasa ita ce ranar da za a rufe maka abin karɓar kuɗi. Ta fuskar addini, jumhurun malamai sun halatta sayar da kaya bashi a farashin da ya ɗara na hannu, muddin an yanke shi tun farko. Inda ake tsayawa shi ne in wani kamfani ne daban ya ba da rancen kuɗi da ruwa, ko akwai tarar jinkiri. A karanta takardar, a kai wa malami kafin a sa hannu.

Alamar cewa waya ta iso da gaske ba ta da wuyar ganewa: kamfanin ya sanar a shafinsa na Najeriya da farashi a naira, tana cikin jerin na'urorin da NCC ta amince da su, kuma manyan shaguna fiye da ɗaya suna da ita. A gaban kanta, a buɗe kwalin a idonka, a danna *#06# a ga lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta yi daidai da ta jikin kwali. A sa sim biyu a ga sabis, a yi kira a ji lasifika, a jona caja a ga tana ɗauka, a shiga saiti a ga RAM na ainihi. In iPhone ce ta hannu, mai ita ya cire asusunsa na iCloud kana tsaye. Rasit kuma ya zo da sunan shago da adireshi da lambar IMEI a rubuce, domin in wayar ta fito ta sata ce, wanda aka samu da ita a hannu shi 'yan sanda ke fara tambaya.